Wanda Ya Biya Shi Ke da Takarda

Ran Lahadi kasuwar Tawa na ci,
ni kuwa na baje tabarma a tsakar gida,
na danne kowace takarda da dutse
kada iska ta yi mini rabon gado.

A dama, abin da Arzika ya aiko.
Shekara tara yana jan babbar mota a Amurka,
in ya sauke kaya sai ya bi rumfunan gwanjo
yana tono kamar kaza a juji.
Ƙannen mutane turare suke aikowa,
nawa sai ambulan mai warin tsohon rumbu.

Ya ce: Yaya Habsu, karanta ki sha mamaki,
su ma sun taɓa ƙin biya.
Manoma ne a bayan duwatsu,
hatsi ya yi yawa, kasuwa ta yi nisa,
sai su dafa shi ya koma barasa,
kayan doki goma ya shige tulu biyu.
Hukuma ta ce kowane tulu da kuɗinsa.
Suka kama mai karɓa suka shafe shi da kwalta,
suka bi shi da gashin kaji,
ya koma gida, shi ba mutum ba, shi ba zabo ba.

Barasa dai ba ruwana da ita.
Amma ga sammaci, ga jerin sunaye,
ga wanda bai iya rubutu ba, ya ja layi biyu a gicciye
ranar da soja suka zo aka ce a yi rantsuwa.
Tawadar ta koɗe ta zama kalar ruwan tsamiya,
duk da haka ana karanta shi.
Shekara ɗari biyu da ɗoriya,
taurin kansa na nan da kwanan wata.

A hagu, abin da na tara da ƙafata,
daga Barmu, daga Kalfu, daga Bambai:
rasit na bodo, zamanin kumandan.
Ɗaya a gwangwanin shayi na same shi.
Ɗaya gara ta cinye adadin, ta bar hatimi.
Ɗaya wata tsohuwa ta ɗinke shi cikin fata,
shekara sittin tana rataye da shi,
ta ɗauka laya ce.
Da muka farke, sai ga dala uku da sunan mijinta.
Ta yi dariya har ta share ido,
ta ce: To ai ya tsare ni.

Na jera su, na ƙidaya, na sake ƙidayawa.
Kakana Tankari ba ya ciki.

An ce shekarar da fara ta share gonaki
gardi ya zo da bulala da littafi,
ya kwana a zaure yana jiran safiya.
Kafin asuba gari ya tashi cak,
har da turmi, har da ƙyauren ɗaki,
aka bar masa zakara ɗaya ya tashe shi.
An ce Tankari ne ya ja gaba.
An ce. An ce.
Wanda ya biya shi ke da takarda,
wanda ya ƙi, sai bakin tsofaffi,
su kuwa kowace damina ana rage su.

Gobe zan koma Kalfu da ƴar rikoda,
in Inna Tsahara ta kwana lafiya.

Ina cikin haka aka yi sallama.
Yaron ofishin magajin gari ne, da jaka a hammata,
kuɗin shagona na ɗinki ya zo karɓa.
Na dube shi, na dubi kajina.
Na kwance bakin zane na biya.
Rasit ɗin na ajiye a hagu,
na nemo masa dutse.